Matakan da na bi wajen tantance ƙudan rawa da siffanta shi a Kano

Ɗalibin ilimin ƙwari da ya kama ɗan ƙuda a lambu, ya duba littattafan da ke hannunsa bai ga irinsa ba, yakan yi zaton sabon nau'i ya samo, saura raɗa suna. To raɗa suna shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, kuma shi ne na ƙarshe. Nauyin yana wurin kawo hujjar cewa ba wanda ya riga ka siffanta wannan ƙuda tun daga shekarar 1758, lokacin da masanin Suwidin Linnaeus ya kafa tsarin sunayen dabbobi da ake bi har yau. Hujjar nan kuwa tun ranar kamu ake fara tara ta. Zan jero matakan kamar yadda na bi su da ƙudan rawa, domin mai tasowa ya san abin da ke gabansa kafin ya kashe kuɗinsa.

Ƙudajen rawa su ne dangin Empididae da 'yan'uwansu Hybotidae, waɗanda a da ake haɗa su dangi guda kafin a raba. Mazansu kan taru a iska suna hawa da sauka don jawo mata, kuma a jinsin Empis namiji kan kamo wani ƙwaro ya miƙa wa mace kafin barbara. A jinsin Hilara, gaɓar farko ta tafin ƙafar gaba ta namiji a kumbure take, daga nan yake fitar da zaren da yake naɗe kyautar. Sai dai kada wannan labari ya sa ka fita kana neman taron rawa a Kano. Manyan Empis da Hilara sun fi son wurare masu sanyi da tuddai, kuma a Afirka an fi saninsu a kudancin nahiyar. A ƙasa mai zafi irin tamu, abin da ya fi faɗawa raga shi ne ƙananan Hybotidae, irin su Elaphropeza da Drapetis da Crossopalpus da Platypalpus, masu tsawon milimita 1 zuwa 3 ko sama kaɗan. Waɗannan ba su cika rawa ba, gudu suke a kan ganye suna farautar ƙwarin da suka fi su ƙanƙanta.

Matakin farko na takarda ne. Na karɓi wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe, mai ɗauke da sunana da manufar aikin da wuraren da zan shiga. Da ita na je wurin mai unguwa, shi ya haɗa ni da masu lambun da ke bakin ruwa. Kada ka raina wannan gaisuwar. Tarkon da za ka kafa kwana zai yi a gonar mutum, kuma duk wanda ya ga tanti da kwalbar sinadari kusa da latas ɗinsa dole ya tambaya. Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, wannan ruwan ba zai taɓa mini shuka ba ko?" Na ce, "Baba, ko ɗigo ba zai sauka ƙasa ba, kuma ƙudan da nake nema ma cin ƙwarin da ke ɓata muku ganye yake." Daga nan shi ya riƙa kore mini awaki da yara daga wurin. Idan dajin gwamnati za ka shiga, kamar Falgore, wannan kuma sai da izini a rubuce daga hukumar da ke kula da shi.

Lokacin kamu shi ne damina, daga Yuni zuwa Satumba, da ɗan abin da ya biyo baya kafin ciyawa ta bushe. Da rani sai dai lambunan ban-ruwa, irin na gefen kogin Challawa ko yankin Kadawa. Hanya uku na haɗa. Ta farko raga ce mai sanda, bakinta kamar santimita 40, da ake sharar ciyawa da ƙananan rassa da ita da safe bayan raɓa ta ɗauke. Jiƙaƙƙiyar raga tana manne fikafikai ta lalata samfur. Ana samun yadi mai laushi a Kantin Kwari tela ya ɗinka, amma a duba idonsa da kyau, don yadin gidan sauro na yau da kullum yana da faɗin da ƙuda mai milimita ɗaya zai bi ya fice. Daga ragar kuma da bututun zuƙa ake tsince su, ba da yatsa ba. Hanya ta biyu ita ce robobi masu launin ɗorawa, a zuba ruwa rabi da ɗigon sabulun ruwa, a jera a inuwa ƙarƙashin shuka, a tace kowace rana. In suka wuce kwana biyu a zafin Kano sai su kumbura su ruɓe. Ta uku ita ce tarkon Malaise, tantin raga da masanin Suwidin René Malaise ya ƙirƙiro a shekarun 1930, wanda ke tura ƙwari sama zuwa cikin kwalbar itanol. A littafi mako guda ake barin kwalbar, amma a nan rana tana shanye itanol ɗin, don haka a leƙa ta a tsakiyar mako a ƙara.

Maganar itanol tana buƙatar kulawa, domin a nan ne kuɗi suka fara fita sosai. Na kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari ya dace da samfurin da za a duba siffarsa, don ba ya sa gaɓoɓi su yi tauri su karye. Wanda za a ciri ƙwayar halittarsa kuwa sai na kashi 95 ko 96, a ajiye a firiza. Sifirit na kemis ba ya maye gurbinsa. Ka sayi ma'aunin ƙarfin itanol ka riƙa gwada kowace jarka, saboda ana samun wanda aka sirka da ruwa, kuma ba za ka gane ba sai samfur ya lalace. Tun a fili, kowace kwalba za ta sami 'yar takardarta a ciki, ba a jikin murfi ba: ƙasa, jiha, wuri, lambobin taswira daga waya, kwanan wata, hanyar kamu da sunan mai kamu. Da fensir ake rubutawa, tawadar biro narkewa take a itanol. Watan kuma da lambar Rumawa ake sa shi, misali 12.viii, don kada wani a wata ƙasa ya juya rana da wata. Samfurin da ba shi da wannan takarda ba shi da amfani a ilimance, komai kyansa.

Daga nan sai ɗakin gwaji. Madubin da ake buƙata shi ne mai ido biyu, wanda ke ƙara girma sau 40 zuwa 80, da fitila mai batir saboda ɗaukewar wuta. Layi ake bi a kansa, musamman lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke aikin kammalawa, don haka na je wurin babban ma'aikacin ɗakin na ce, "Malam, wane lokaci ne madubin ba ya hannun kowa?" Ya ba ni sassafe da bayan la'asar. Aikin farko shi ne rarrabewa, kuma shi ne mafi cin rai, domin kwalba ɗaya ta Malaise tana iya ƙunsar ƙwari bila adadin, naka kuma 'yan kaɗan ne a ciki. Alamomin da ido ke kamawa su ne ƙaramin kai mai zagaye wanda idanu suka kusan cinye shi, da baki mai tauri da ya nufi ƙasa, da doro a gadon baya, da ƙafafu masu ƙarfi. Masu ruɗarwa su ne Dolichopodidae, waɗanda yawancinsu kore ne mai ƙyalli, da ƙananan Asilidae masu gemu a fuska da loɓawa a tsakiyar ka.

Bayan an ware su sai a nemi jinsi. Littafin da ya fi amfani a yanzu shi ne Manual of Afrotropical Diptera, wanda Ashley Kirk-Spriggs da Bradley Sinclair suka tsara. Juzu'insa na biyu, na 2017, yana da babin Empididae da na Hybotidae, kowanne da mabuɗin tantancewa da zane. Mabuɗin tambayoyi ne biyu-biyu, kowace amsa ta kai ka ga ta gaba, kuma fiffike ne farkon abin dubawa. A Empis da Hilara jijiyar da ake kira R4+5 tana rabuwa biyu kusa da ƙarshe, a Rhamphomyia da Hybotidae kuwa ba ta rabuwa. Idan Hybotidae ne kuma babu rufaffen gurbi a tsakiyar fiffike, to kana cikin reshensu na Tachydromiinae. A nan Platypalpus yana da sauƙin ganewa, cinyarsa ta tsakiya kakkaura ce mai ƙayoyi, da ita yake riƙe abin da ya kama. Crossopalpus yana da kunci mai faɗi a ƙarƙashin ido da dogon gashi ɗaya a ƙasan gaɓa ta biyu ta ƙahon kai. Wahalar tana tsakanin Drapetis da Elaphropeza. Elaphropeza yawanci yana da gashi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a ƙwaurin ƙafar baya, gaɓa ta uku ta ƙahonsa ta fi tsini, kuma da yawansu launin ɗorawa ne. Gashin nan yana karyewa a kwalba, don haka in ba ka gan shi ba ka nemi ɗan ramin da ya fito daga ciki kafin ka yanke hukunci. Nawa Elaphropeza ya zama.

Sanin jinsi rabin tafiya ne. Nau'i kuwa a waɗannan ƙudaje da al'aurar namiji ake tabbatar da shi, domin nau'i biyu kan yi kama a launi da girma amma su bambanta sarai a nan. Wanda duk samfuransa mata ne, ya koma lambu kawai. A Hybotidae wannan gaɓa ba ta da daidaito tsakanin hagu da dama, kuma a murɗe take zuwa dama, saɓanin ta Empididae. Ga yadda ake fito da ita. Da allura mai kaifi ake yanke ƙarshen ciki a cikin itanol, a sa shi a sinadarin KOH na kashi 10 cikin ɗari har nama ya narke ya bar ɓawon. A zafin ɗaki yakan kwana, amma ɗakin Kano a watan Afrilu ba ɗakin da littafi yake nufi ba ne, don haka a riƙa leƙawa bayan 'yan sa'o'i. In ya wuce lokaci sai gaɓar ta yi garau kamar gilashi, ba a ganin iyakar komai, kuma ba ta dawowa. Masana wannan dangi da yawa sun fi son asid na laktik mai kashi 85 da aka ɗan ɗumama, saboda ya fi sauƙin illa. Bayan KOH a wanke da ruwa mai ɗigon asid na asetik, sannan a sa a giliserin a kan gilashi mai rami. A nan za a juya ta a zana ɓangarori uku aƙalla: marfin dama na epandrium, wato ɓawon da ke rufe al'aurar, da na hagu tare da surstylus, wato tsinin da ke jikin marfin, da cerci, wato 'yan tsinaye biyu na ƙarshen ciki, daga sama. Zane ya fi hoto a wannan wuri, domin hoto yana haɗa abin da ke sama da na ƙasa, mai zane kuwa yana fito da iyakar kowane sashe. In an gama a zuba ta a ƙaramar kwalbar giliserin, a soke a fil ɗaya da jikin ƙudan. Raba su shi ne hanyar da ake haɗa kan wani da cikin wani ba a sani ba.

Jikin ma yana da nasa aikin. Ƙudan da aka ciro daga itanol aka bar shi ya bushe haka nan, idanunsa da cikinsa loɓawa suke. Ana bi da shi ta itanol tsantsa sannan sinadarin HMDS, a wurin da iska ke fita don tururinsa yana da illa, sai ya bushe da siffarsa. Daga nan a manna shi ta gefe a bakin 'yar takarda mai tsini, ko a soke shi da siririyar allurar minuten mai kaurin milimita 0.1 zuwa 0.15. Waɗannan alluran da HMDS ɗin duk sai an yi odarsu daga waje, kuma jiransu yana iya cinye watanni, don haka a yi odar tun kafin damina. Akwatin ajiya ya zama mai rufuwa gam, da kafur a kusurwa. Kiyashi kan cinye aikin shekara a dare ɗaya, fumfuna kuma na jiran Agusta, ƙurar hunturu na jiran Disamba.

Yanzu aka zo wurin da na fi daɗewa, wato binciken abin da aka riga aka rubuta. Na fara da kundin ƙudajen Afirka da Crosskey ya tsara a 1980, da kundin Empididae na duniya na Yang da abokansa na 2007, na fitar da sunan duk Elaphropeza da aka taɓa ambata a Afirka. Na ƙara da aikin Kenneth Smith na 1969 a kan kudancin Afirka, da rubuce-rubucen baya-bayan nan na Patrick Grootaert da Igor Shamshev a kan wannan jinsi. A lura cewa tsofaffin marubuta da dama sun ɗauki Elaphropeza a matsayin reshen Drapetis, don haka wanda ya nemi suna ɗaya kawai zai tsallake nau'o'i. Kowane suna sai an nemo siffantawarsa ta asali. Wasu da Jamusanci ko Faransanci suke, wasu layi biyar ne kacal babu zane, wasu ma a kan mace ɗaya aka yi su. Irin waɗannan ba a kore su da karatu, sai an ga samfurin asali, wanda galibi yana Landan ko Tabiran ta Beljiyam ko Fitamarisbag ta Afirka ta Kudu. Ana rubuta wa mai kula da tarin wasiƙa gajera: sunan nau'in, marubucinsa da shekara, ɓangarorin da kake son hotonsu, da naka hotunan a haɗe. Wasu kan amsa cikin mako, wasu sai an tuna musu. Wannan jira yana karya gwiwa, domin kowace amsa tana iya zuwa da labarin cewa an siffanta ƙudanka tun zamanin Turawan mulki. A cikin nau'o'in da na ware, akwai wanda ya ƙare a haka, kuma ba asara ba ce: samun sanannen nau'i a inda ba a taɓa rubuta shi ba, shi ma abin wallafawa ne. Kafin duk wannan ya kamata a je Samaru a duba tarin ƙwarin da ke Jami'ar Ahmadu Bello, don a ga abin da magabata suka tara daga Arewa.

Gwajin ƙwayar halitta taimako ne, ba hukunci ba. Ana karanta wani yanki na ƙwayar halittar da ake kira COI mai tsawon harafi 658, a kwatanta da rumbunan bayanan ƙwayoyin halitta na intanet, BOLD da GenBank. Amfaninsa mafi girma a wurina shi ne haɗa mace da namijinta. Amma rashin samun makamancinsa a rumbun ba ya nufin sabo ne, domin ƙudajen Afirka kaɗan ne aka shigar. Idan za a tura samfur waje, ko don wannan gwaji ko don wani masani ya duba, takardu sun sake shigowa. Akwai yarjejeniyar miƙa samfur tsakanin makarantarka da ta mai karɓa, wadda ke faɗin adadi da manufa da ranar dawowa. Akwai dokar 2009 ta hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, a kan albarkatun halitta da rabon amfaninsu, akwai kuma hukumar NAQS mai duba abin da ke fita na dabba da tsiro. Gidajen tarihi na Turai suna tambayar waɗannan takardu saboda yarjejeniyar Nagoya ta ƙasashen duniya kan rabon amfanin albarkatun halitta, da ta fara aiki a 2014. Wajen ɗauri, ƙa'idar jiragen sama mai lamba A180 ta yarda da itanol da bai wuce mililita 30 ba a kowane ƙunshi na ciki, da lita ɗaya a dukan kwalin, a cikin leda mai liƙi da abin tsotse ruwa. Ka buga ƙa'idar ka tafi da ita, domin ma'aikacin kanta da ya ji kalmar itanol yakan mayar maka da kayanka. Aika kaya da gwajin nan su ne suka fi komai tsada, kuma da kuɗin waje ake lissafa su.

Sai rubutu. Dokar sunayen dabbobi ta duniya, bugu na huɗu da ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2000, ta gindaya sharuɗɗa. Dole a bayyana ƙarara cewa sabon nau'i ne, a kawo bayani da kalmomi wanda ke bambanta shi da sauran, a ayyana samfurin da sunan zai rataya a kansa, a kuma faɗi tarin da aka ajiye shi. Holotayif, wato samfurin nan guda, namiji ake zaɓa wanda ƙafafunsa da ƙahonninsa suka cika, a sa masa jar takarda. Sauran su zama faratayif, a rarraba su a gidaje biyu ko uku don gudun gobara da ƙwari. Ra'ayina shi ne wasu su zauna a Najeriya, domin ɗalibin gobe ya gan su ba sai ya nemi biza ba, amma a tarin da ke da mai kula na dindindin da lambar shiga, ba a durowar ofis ba. Siffantawar tana bin jeri: kai, ƙirji, ƙafafu, fiffike, ciki, al'aura, sannan mace a faɗi inda ta bambanta kawai. A ba da awon jiki da na fiffike da milimita. Sashen da ya fi muhimmanci shi ne gajeren bayanin bambanci, inda za ka ambaci nau'o'in da suka fi kusa da naka da sunansu, ka nuna takamaiman abin da ya raba su. Sunan da haruffan Latin ake rubuta shi. In na wuri ne yakan ƙare da -ensis, in na namiji da -i, in na mace da -ae, kuma a bincika ba a taɓa amfani da shi a wannan jinsi ba.

Mujallun da ke karɓar irin wannan aiki sun haɗa da Zootaxa da ZooKeys da African Invertebrates da European Journal of Taxonomy. Ta ƙarshen ba ta karɓar kuɗi daga marubuci ko mai karatu, ZooKeys kuwa tana da kuɗin wallafa, don haka a duba kafin a tura. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2012, mujallar da ke fita ta intanet kaɗai tana halatta suna, matuƙar an yi wa aikin rajista a ZooBank, wato rumbun rajistar sunayen dabbobi na intanet, kafin fitowarsa kuma shaidar rajistar ta bayyana a cikinsa. Masu bita za su dawo da tambayoyi, mafi yawa a kan zane da kuma nau'o'in da ba ka kwatanta ba. A amsa su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, inda ba ka yarda ba ka kawo hoton da ke nuna dalilinka. Tawa takardar tana wannan mataki, shi ya sa ban ambaci sunan a nan ba. Sunan da ya fita a Facebook ko a kundin digiri kafin wallafa ba shi da matsayi a doka, kuma yana jawo ruɗani ga duk wanda zai yi aiki a kan jinsin daga baya.

Wanda zai fara yanzu, ya tara maza da yawa daga wuri fiye da ɗaya, ya raba kamun kowace rana gida biyu tun a fili, rabi a itanol na 70 rabi a na 96. Ya fara neman tsofaffin siffantawa da takardun izini tun yana cikin kamu, domin su ne ba sa saurin fitowa. Feɗe al'aura kuma ya koye shi a kan nau'in da ya fi yawa a kwalbarsa, har hannunsa ya faɗa, kafin ya taɓa namijin da yake sa ran zai zama holotayif.